Nerait, Mistiri ko Mai Ƙahon Rago: Wane Dodon Koɗi Ne Zai Zauna Lafiya da Kifayenka?

Mai tankin kifin ado yakan tuna da dodon koɗi ne ranar da gansakuka ta fara rufe masa gilashi. Sai ya je wurin mai sayarwa ya ce a ba shi mai share tanki, a miƙo masa wanda ya zo hannu, ya kawo gida ya jefa. Bayan 'yan watanni ɗayan abu uku ya faru. Ko ya tarar da ɓawo fanko a kan yashi, ko ɓawon ya yi fari ya soma rarakewa dodon yana da rai, ko kuma biyun da ya saya sun cika tankin har ba sa ƙirguwa. Dukkan ukun ana iya hango su tun kafin a miƙa kuɗi. Kifayen da ke cikin tankin da irin ruwan da suke ciki sun riga sun yanke rabin hukuncin, abin da ya rage wa mai tanki shi ne ya zaɓa a cikin waɗanda suka tsallake.

Kifayen tukuna

Akwai kifayen da ba ruwansu da dodon koɗi ko kaɗan: ƙananan tetira irin su niyon, rasbora, gufi, fulati, moli, da koridoras, 'yan ƙananan dangin tarwaɗa masu kiwo a ƙasan tanki. Oto, ƙaramin kifi mai cin gansakuka, shi ma haka, da fuleko mai gashin hanci. In waɗannan ne mazauna tankinka, ta wannan ɓangaren ba ka da damuwa.

Akwai kuma waɗanda dodon koɗi abincinsu ne tun a kogi. Kan gaba ita ce botiya, musamman babbar nan mai ratsin baƙi da ruwan lemo da ake kawowa daga Sumatra da Borneo, Chromobotia macracanthus, da 'yar'uwarta yoyo. Botiya ba ta wahalar da kanta wajen fasa ɓawo, juya dodon take yi ta cusa baki ta zuƙe naman. Talibambam duk danginsa haka suke, har ɗan mitsitsin nan na kudu maso yammacin Indiya wanda bai kai santimita 3 ba. Ƙananan dodanni cinye su yake yi, manya kuma ya yi ta gatsar su har su mutu. Manyan sikilid, wato dangin karfasa irin su oska, su ma ba a ba su amana, kifin zinariya kuwa duk wanda ya shige bakinsa ya tafi. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya haƙura da dodon ado.

Inda ake yin kuskure shi ne rukuni na tsakiya: beta, gurami, enjel da taiga bab. Ba su da ƙarfin cin babban dodon koɗi, amma duk wani abu siriri mai motsi a ruwa tsutsa suke ɗaukarsa, sai su yi ta caɓar 'yan ƙahonnin da dodon ke lalube da su. Ƙahon yana sake tsirowa, sai dai dodon da ake caɓa kullum yakan daina fitowa, ya rufe kansa cikin ɓawo yini guda, ya rame ya mutu ba tare da an ga rauni a jikinsa ba. Beta kowanne da halinsa. Wani ya zo ya leƙa sau ɗaya ya wuce, wani kuma ya mai da dodon abokin gaba. Riƙe wannan rukunin a rai, domin shi ne zai raba gardama tsakanin nerait da mistiri nan gaba.

Ruwan da ke cin ɓawo

Ɓawon dodon koɗi da kalsiyam kabonet aka gina shi, kuma ruwa mai tsami narkar da shi yake yi sannu a hankali. Idan awon pH na tankinka, wato awon tsamin ruwa, yana ƙasa da 7, kuma ruwan ba shi da ma'adinai sosai, za ka ga tsinin ɓawon ya fara yin fari, sai 'yan ramuka su bayyana, daga baya ya huje. Abin da yawancin masu kiwo ke nema shi ne pH tsakanin 7 da 8, da awon GH, wato yawan ma'adinan ruwa, na kimanin digiri 8 ko sama. Wurin da ya riga ya ci ba ya komawa yadda yake. Dodon yana ƙara sabon ɓawo ne ta bakin kawai, shi ya sa a kan ga wanda aka canja wa ruwa da tsohon sashe a ƙoƙe, sabon kuma sumul, da layi a tsakaninsu.

Wannan shi ke sa gufi, fulati da moli suka fi dacewa da zama da dodanni, don su ma ruwa mai ma'adinai suke so. Diskas da kadinal tetira kuwa ruwa mai laushi da ɗan tsami suka fi jin daɗi, haka nan tankin tsirrai da ake hura wa iskar CO2 pH ɗinsa sauka yake yi. Ana iya ɗan gyara ruwa da dakakken murjanin teku a cikin matata, ko gutsuren farin ƙashin nan da ake rataya wa tsuntsayen keji. Amma ni ban ga hikimar a takura wa kifayen da aka gina tankin dominsu saboda dodo ɗaya ba. In ruwanka mai tsami ne kuma kifayenka suna lafiya a haka, ka bar shi haka, ka kankare gilashinka da hannu.

Nerait da mistiri

Waɗannan biyun su ne mutane ke saye da gangan, kuma ana ajiye su gefe da gefe a wurin sayarwa tamkar aikinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne.

Nerait ƙarami ne, santimita 2 zuwa 2.5, mai ɓawo dunƙulalle mai kauri, wani da ratsin baƙi da rawaya, wani da ɗige-ɗige, wani da 'yan ƙayoyi a baya. Wasu daga gaɓar gabashin Afirka ake samo su, wasu daga kudu maso gabashin Asiya. A cin gansakuka babu dodon da ya kama ƙafarsa. Yana kankare gansakukar nan mai launin ruwan ƙasa mai kama da ƙura da ke addabar sabon tanki, yana kuma taɓa koren ɗigon nan mai tauri da ke manne wa gilashi, wanda kifaye masu cin gansakuka da yawa ke tsallakewa. In ka matso da fuska kusa da gilashin da yake kai, za ka ga bakinsa yana buɗewa yana rufewa, kai yana karkata dama da hagu, a bayansa kuma ga sawun haƙoransa a jere, siririyar hanya mai lanƙwasa a tsakiyar kore. Ba ya cin tsiro mai rai. Kuma da yake jikinsa kusan duka a ƙarƙashin ɓawo yake, ƙahonninsa gajeru ne sirara, beta ko gurami ba sa samun abin kamawa.

Babban abin da ke jan mutane gare shi shi ne ba ya cika tanki. Macen tana yin ƙwai a ruwan daɗi, amma 'ya'yan sai a ruwan zartsi suke rayuwa, domin a daji ruwa ne ke kai su bakin teku su girma sannan su hauro kogi. Ka sayi uku, uku za ka ci gaba da gani. Sai dai ƙwan da kansa abin haushi ne: farare ne masu tauri kamar ƙwayar riɗi, a manne a kan itace da dutse da gilashi, har a bayan wani dodon, kuma ba sa fita sai an kankare. A kan baƙin itacen ado suna fitowa ɓaro-ɓaro. Mace da namiji ba sa bambantuwa da ido a wurin saye, don haka sa'a ce.

Aibinsa na biyu ya fi wannan nauyi, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Nerait da yawa ba sa karɓar abincin da aka sarrafa. Gansakuka suka sani, in ta ƙare yunwa ce. Wanda ya zuba guda shida a tanki mai lita 60 zai ga gilashi ya yi tas cikin mako guda, ya yi murna, bayan nan su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka saba bi shi ne ɗaya a kowace lita 20 ko kusa da haka, kuma a tankin da ya daɗe da kafuwa. In kana da oto ko fuleko, ka tuna kwano ɗaya suke ci da shi, sai a rage adadin. Sannan mahayi ne. A mazauninsa na asali ya saba da ruwa ya janye ya bar shi a kan dutse, don haka fita daga ruwa ba ta ba shi tsoro. Tanki marar murfi, wata rana a ƙasan ɗaki za a tsince shi. In an same shi haka a mayar da shi ruwa kafin a yanke ƙauna, yakan rufe kansa ya jure bushewa na wani lokaci.

Mistiri, Pomacea diffusa, ɗan Kudancin Amurka ne, kuma ya ninka nerait girma, yakan kai santimita 5. Akwai ruwan zinariya, akwai fari, akwai shuɗi-shuɗi, akwai mai ruwan hoda. A batun gansakuka malalaci ne in aka gwada shi da nerait. Yana lasar mai laushi, amma abin da ya fi so shi ne ragowar abincin kifi, ruɓaɓɓen ganye, da duk abin da aka ajiye masa. Wanda ya saye shi don gilashi zai yi da-na-sani. Wanda ya saye shi don kallo kuwa ya more, domin a cikin dodannin tanki babu mai abin kallo kamarsa. Yana da huhu yana kuma da abin shaƙar iska a ruwa irin na kifi. Sai ka ga ya hau gilashi ya tsaya ɗan ƙasa da saman ruwa, ya miƙo wani dogon bututu daga gefen wuyansa har ya huda saman, ya yi ta tura kai ciki da waje yana zuƙar iska. In ya gama ba ya wahalar saukowa, sakin gilashin yake yi ya taho ƙasa da tafin jikinsa a buɗe.

Wannan dogon bututu da dogayen ƙahonnin su ne rauninsa. Duk abin da ke sa shi kyau a ido shi ne abin da beta da taiga bab ke hari. Don haka in kifayenka na rukunin tsakiyar nan ne, nerait ne naka, ba sai an yi dogon tunani ba.

Ciyar da mistiri ya fi sauƙi, tunda ba ya zaɓe. Ƙwayar abinci mai nutsewa, yankan kokwamba ko karas ko ganyen alayyahu da aka ɗan tsoma a tafasasshen ruwa, duk yana ci. Amma mai ci da yawa yana kashi da yawa. Babban mistiri guda ɗaya yana ɓata ruwa fiye da ƙaramin kifi, don haka a lissafa shi cikin mazauna tanki, kada a ɗauke shi ma'aikacin da ba ya cin wuri. A ƙaramin tanki mai lita 20 da ya riga ya cika da kifi, ƙara mistiri biyu na iya tayar da awon naitiret, sinadarin da ke taruwa a ruwa daga kashi da ruɓaɓɓen abinci. Ba ya kuma daɗewa: shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ruwa mai ɗumi sosai yana gaggauta girmansa ya gajarta kwanansa.

Haihuwarsa tana hannunka, wannan kuwa babbar daraja ce. Sai da mace da namiji, kuma macen fita take yi daga ruwa da dare ta manna curin ƙwai mai ruwan hoda-hoda a gilashi ko a ƙarƙashin murfi. Curi ɗaya yakan ɗauki ƙwai gomomi har sama da 100, ya ƙyanƙyashe cikin mako biyu zuwa huɗu. Ba ka so, ka ɓamɓare ka daskarar da shi ka zubar. Kana so, ka bar shi inda yake da ɗanshi, kada ya faɗa ruwa, domin in ya nutse 'ya'yan sun mutu. Kada ka yi mamaki in mace ɗaya tilo ta yi ƙwai masu ƙyanƙyashewa, tana iya ajiye maniyyin namiji na tsawon watanni tun daga wurin mai sayarwa. A bar mata tazarar 'yan santimita tsakanin ruwa da murfi, in ba haka ba neman wurin ƙwai zai fitar da ita waje.

Akwai abin lura guda a nan. Mistiri yana da ɗan'uwa mai kama da shi, Pomacea canaliculata, wanda ke cinye tsirran tanki ƙarƙaf cikin 'yan kwanaki. Shi ne aka kai Taiwan wajen 1980 da niyyar kiwo don ci, ya kuɓuce ya zama annoba a gonakin shinkafa na ƙasashen Asiya da dama. A 2012 Tarayyar Turai ta hana shigo da duk dangin Pomacea bayan wani nau'insu ya shiga gonakin shinkafa a bakin kogin Ebro na Sifaniya, saboda haka a wasu ƙasashe dokar wurin ce za ta fara yi maka zaɓi. Wajen bambanta su, duba inda zagayen ɓawo ke haɗuwa: na mistiri yana da kafaɗa a miƙe da tsini mai ɗan tsawo, na mai cin tsiron kuwa ya fi zama dunƙulalle, da kwari mai zurfi a mahaɗar. Ƙwansa ma ya fi ja sosai.

Waɗanda ke zuwa ba gayyata

Mai ƙahon rago, ɗan mafitsara da mai kakaki ba a cika sayensu ba. A jikin sabon tsiro suke shigowa, ko ƙwansu a bayan ganye, wani ɗan tabo mai santsi kamar majina da ɗige-ɗige a ciki. Yawancin masu tanki annoba suke kiransu. Ni ina ganin an yi musu rashin adalci.

Mai ƙahon rago ɓawonsa a naɗe yake a kwance, santimita 1 zuwa 2, kuma jikin wasu ja ne saboda jininsu yana da himogulobin irin namu, abin da ba a cika samu a dodanni ba. Ɗan mafitsara, Physella acuta, kimanin santimita 1 ne, mai sauri ne, kuma in ka riƙe shi tsini a sama baki yana kallonka za ka ga bakin a hagu yake, saɓanin yawancin dodanni. Dukansu mata-maza ne, kowane biyu suka haɗu sai ƙwai, ɗan mafitsara ma shi kaɗai yana iya yi. Suna cin gansakuka mai laushi da matattun ganyaye da ragowar abinci, kuma ganye mai lafiya ba su cika taɓa shi ba. In ka ga suna kan ganye mai huji, galibi ganyen ya riga ya fara mutuwa ne suka zo.

Mai kakaki, Melanoides tuberculata, dabansa yake. Ɓawonsa dogo ne mai tsini, santimita 2 zuwa 3, yini yake yi a binne cikin yashi, sai an kashe fitila ya fito. Haska tocila a tankin da tsakar dare, za ka ga yashin da ka ɗauka fanko ne yana motsi. Macen ba ta bukatar namiji, kuma 'ya'ya take haifa da ransu, don haka babu ƙwan da za ka kankare. Ɗaya ta isa ta kafa gari, kuma da zarar sun shiga yashi, fitar da su duka sai an kwashe tankin. Amfaninsu shi ne suna juya yashi, suna tura ƙazanta ƙasa inda saiwar tsirrai za ta same ta. Suna kuma ba da labari. In ka ga sun fito da rana tsaka suna hawa gilashi gaba ɗaya zuwa saman ruwa, a auna ruwan nan take, sau da yawa iskar oksijin ce ta yi ƙaranci ko ruwan ya ɓaci.

Yawan waɗannan ukun yana bin yawan abinci ne. Tankin da ake zuba wa abin da kifi zai cinye cikin minti biyu, ake kuma zuƙe ƙazantar ƙasa a kai a kai, dodanninsa ba sa wuce kima. In sun yi yawa, hannun mai ciyarwa ne ya yi nauyi. A rage abinci, a ajiye yankan kokwamba da dare, da safe a ɗaga shi da duk waɗanda suka taru a kai. A yi haka 'yan lokuta za a ga bambanci. Abin da ba a yi shi ne zuba maganin kashe su, domin ɗaruruwan gawarwaki a cikin yashi za su tayar da amoniya, gubar da ruɓewa ke fitarwa a ruwa, su tafi da kifayen.

Wuri ɗaya da zan ce a guje su gaba ɗaya shi ne tankin da ake son kifi masu watsa ƙwai su hayayyafa a ciki. Ƙwan da ba mai gadinsa, mai ƙahon rago da ɗan mafitsara suna ci.

Makashi ko botiya?

Wanda dodanni suka dame shi yakan ji shawara biyu. Ta farko a sayi botiya. Wannan ita ce ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Babbar botiyar nan ana sayar da ita tana 'yar ƙarama, amma tana iya kaiwa santimita 30, ba ta zama ita kaɗai sai cikin garke na biyar ko fiye, kuma tana shafe shekaru sama da goma. Ba a ɗauko irin wannan nauyi don dodon da bai kai farce ba, sai in da ma ana son ta kuma akwai tankin da zai ɗauke ta.

Ta biyu ita ce makashi, Anentome helena, wani ɗan dodo daga kudu maso gabashin Asiya mai ratsin rawaya da ruwan ƙasa mai duhu, kimanin santimita 2. Yana binne kansa a yashi, ya bi ɗan'uwansa ya zura masa dogon baki cikin ɓawo ya cinye shi. Aikinsa a hankali yake, sai an yi haƙuri na makonni, amma ba ya damun kifi, kuma haihuwarsa kaɗan-kaɗan ce, ƙwai ɗai-ɗai. Ba ya cin gansakuka sam. Idan abin farauta ya ƙare yana komawa ragowar abinci mai nama. Sai dai bai san dodon da ka saya da kuɗi da wanda ya zo a ganye ba. Babban nerait ko mistiri yakan tsira, amma ƙanana da marasa lafiya ba su da tabbas, kuma makasa sukan taru a kan babba ɗaya. Ko dai tankin makashi ko tankin dodon ado.

Akwai kuma mai fuskar zomo, Tylomelania, daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya, dogo mai kaiwa kusan santimita 10, mai haihuwar ɗa ɗaya a lokaci guda. Yana son ruwa mai ɗumi, digiri 26 zuwa 30, mai ma'adinai, da ƙasa mai yashi, kuma yakan gwaguyi wasu tsirrai. Na mai babban tanki ne da ya riga ya saba da sauran.

To, wanne za a ɗauka?

Ƙaramin tanki mai beta ɗaya, nerait ɗaya ya ishe shi, bayan tankin ya yi 'yan watanni ya tara gansakuka. Tanki mai lita 100 na gufi da fulati da koridoras zai ɗauki mistiri biyu da nerait uku lafiya lau, ɗaya yana gilashi ɗaya yana ƙasa, ba sa takara sosai. Tankin tsirrai mai yashi yana amfana da mai kakaki, in mai shi ya yarda cewa zaman na dindindin ne. Sabon tanki da bai kai wata ɗaya ba kada a sa masa kowa, domin dodanni ba sa jure amoniya da naitirait, gubobin da ke taruwa a sabon tanki, kuma babu abin da nerait zai ci. In aka ce in zaɓi ɗaya ga wanda bai taɓa ajiye dodo ba kuma kifayensa masu lumana ne, mistiri zan ce, duk da nerait ya fi shi aiki. Dalilina shi ne mistiri in yana jin yunwa za ka iya ba shi abinci ya karɓa, nerait kuwa yana iya mutuwa da yunwa a tankin da mai shi ke alfahari da tsabtarsa.

Ko wanne aka zaɓa, ranar da kifi ya yi ciwo za a gane cewa zaman haɗaka yana da tsada. Magungunan cutar farin ɗigo ta kifi da dama suna ɗauke da jan ƙarfe, wanda ake rubuta alamarsa Cu a jikin kwalba, kuma kaɗan daga cikinsa yana kashe dodon koɗi. Maganin tsutsa na fenbendazol ma yana kashe su, nerait musamman. Gishirin da ake zubawa don jinyar kifi yana cutar da mistiri da mai ƙahon rago. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire kifin da ba shi da lafiya a yi masa magani a wani ƙaramin tanki daban, domin jan ƙarfe yana maƙalewa a tsakuwa da kayan ado ya daɗe bayan an canja ruwa. Ɗan jan ƙarfen da ke cikin abincin kifi ko takin tsirrai bai kai ya yi lahani ba in an bi ƙa'idar awo.

Dodon da ya kwana biyu bai motsa ba, ba lallai ya mutu ba, mistiri yakan rufe murfin bakin ɓawonsa ya yi ta yawo a saman ruwa da iska a ɓawonsa. A ɗauko shi a sansana. Mai rai warin ruwan tanki yake yi, kuma in ka taɓa murfin zai ja shi ciki. Matacce ba ya bukatar tambaya, hanci zai faɗa maka, kuma a fitar da shi nan take a canja wani kaso na ruwan, don babban mistiri ɗaya ya isa ya ɓata ƙaramin tanki cikin dare.

Kada a ɗebo dodo daga kududdufi ko rafi don a huce kuɗin saye. Wasu dangin mai ƙahon rago, Bulinus da Biomphalaria, su ne ke rainon tsutsar da ke jawo tsargiya, kuma ta fata take shiga jikin mutum, ga shi mai tanki kullum hannunsa yana cikin ruwa. Wanda aka haifa a tanki ba shi da wannan haɗarin, tunda sai ƙwan tsutsar ya shiga ruwan daga fitsari ko bayan gidan mai ɗauke da cutar. Haka nan rarar dodanni ba a zuba su a magudana ko kogi, a ba wani mai tanki ko a daskarar da su.

A wurin saye, ɗauki wanda ke manne da gilashi yana tafiya, mai ɓawo marar tsaga, ka bar wanda ke kwance a ƙasa murfinsa ya shige can ciki. A gida a riƙa ƙara masa ruwan tankin kaɗan-kaɗan a cikin roba na kimanin awa ɗaya kafin a saka shi, a kuma rufe bakin bututun matata da soso don kada ya tsotse masa jiki. Nerait a ajiye shi da hannu, bakinsa a ƙasa, a kan dutse ko itace, domin in ya faɗi rigingine a kan yashi mai laushi yakan kasa juyawa.